Motar Baffa da rolar fenti: amsa ga ɗan'uwa daga Tudun Wadan Gombe

Saƙon nan tun daren Talata ya shigo min, sau uku na karanta shi kafin na iya zama in rubuta amsa. Mai saƙon malamin firamare ne a cikin garin Gombe, ya ce kar a ambaci sunansa, toh ba za a ambata ba. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Kawu, Baffanmu, wato mahaifinmu, ya rasu shekara biyu ke nan, ya bar wata tsohuwar J5 a tsakar gida, irin wadda Turawa ke gyara cikinta da gado da 'yar durowa da wurin wanke hannu. Da ita yake kai mu Yankari da Dadin Kowa muna yara. Inji na tashi har yanzu, amma fenti duk ya ƙone ya zama hoda, tsatsa kuma ta fara ci ta wajen gilas da ƙasan ƙofa. Na je wurin masu feshi, kuɗin da suka yanka min ya fi albashina na wata uku. Sai na ga a intanet wasu na fente irinta da rola a gida. Ina so in yi kafin bikin autarmu, saura kwana 12, a ɗauki 'yan rakiyar amarya a ciki kamar yadda Baffa ya yi wa yayyenta. Hamma, babban yayanmu, ya ce wannan shirme ne, rola ta bango ce, a sayar wa 'yan gwangwan kawai a raba kuɗin. Mun yi musayar magana, yau kwana huɗu ba ma gaisawa. Ya zan yi?"

Allah ya jiƙan Baffa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya kuma sanya alheri a auren ƙanwarku. Ƙanena, bari in fara ba ka amsar da kake jira, eh rola na fente mota, kuma idan aka bi ta a hankali sai ta yi kyan da kai kanka za ka tsaya kana kallo. Amma ba a kwana 12 ba, ba kuma a cikin wannan hunturun da muke ciki ba, sannan akwai wata magana da ta riga fenti, wadda ina ga kai ba ka ma lura ka faɗe ta a saƙonka ba.

Ka ce Hamma ya ce a sayar a raba kuɗin. Wato ke nan ba a raba gado a kanta ba, motar ba taka ba ce kai kaɗai, ta Dada mahaifiyarku ce da tumuninta, ta Hamma ce, ta Adda yayarku ce, har ita amaryar tana da kasonta a ciki. Ni na ga irin wannan ya faru ba sau ɗaya ba, mutum ya zuba guminsa da ɗan kuɗinsa a kan abin gado saboda ƙaunar mamaci, abu ya yi kyau ya fara ɗaukar ido, sai ranar rabo a yi masa kuɗi da sabon kyansa, shi kuma ya ce ai ni na gyara, su ce wa ya sa ka, daga nan zumunci ya tafi. Saboda haka kafin ka sayi ko samfefa ɗaya, a zauna. A kira mutum biyu da suka san farashin tsofaffin motoci su yi mata kuɗi yadda take a yanzu da tsatsarta, a gaban magada da malamin da ya san rabon gado, in kuɗin ya shiga cikin kasonka shi ke nan, in ya fi ka riƙa cika musu sannu a hankali, a rubuta a takarda shaidu su sa hannu. In ma sun ce sun bar maka kyauta, toh kowa ya faɗa da bakinsa, matan ma a tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kar a ce Hamma ya yi magana a madadin kowa.

Maganar rashin gaisuwa kuwa, ka san hadisin da ya hana musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa sama da kwana uku, ku kun shiga na huɗu, kuma kai ne ƙarami. Yau ɗin nan bayan magariba ka taka ka je gidansa, kar ka tura saƙo ta WhatsApp, ka je da ƙafarka ka gaishe shi, kar ma ka ɗauko zancen mota. Kuma ina so ka yi tunani a kan wani abu, tun da Baffa ya rasu shi ne uba a gidan, kayan ɗakin amarya da gara da abincin baƙi duk a wuyansa suke, mai yiwuwa da ya kalli motar nan kuɗin katifa da kujeru yake gani, ba wai bai damu da Baffa ba ne. Wani ma ganin motar kullum a tsakar gida shi ke tayar masa da ciwon rashin, sai ya ga gara a ɗauke ta daga gabansa. Ka tambaye shi cikin ladabi ko akwai abin da ya rage a hidimar biki da za ka ɗauka, kuɗin da ka tanada na fenti ma in ka sa wani abu daga ciki a nan, ba asara ka yi ba.

Yanzu mu dawo kan rola. Hamma yana da gaskiya rabi. Rolar bango mai gashin nan da fentin ruwa da ake shafa wa ɗaki, in ka kusanto da su jikin mota ka ɓata ta, gashi zai zube a ciki, fentin kuma ba zai kama ƙarfe ba, damina ɗaya zai ɓare. Wadda ake nufi 'yar ƙarama ce ta soso mai tauri, faɗinta kamar inci 4, mai santsi ba gashi, ana samunta wurin masu kayan gini da fenti. Kuma abin ba sabo ba ne, kafin injin feshi ya shiga masana'antun mota a shekarun 1920 da burushi ake fente motoci, a shafa a bari ya bushe a goge a sake shafawa, mota ɗaya ta ci makonni. Wannan tsohuwar hanyar ce za ka bi, sai dai kai soso ne a hannunka. Amma in gaya maka tsakani da Allah, ba za ta fito kamar ta kamfani ba. Wanda ya tsaya taku huɗu ko biyar zai ga mota fes, wanda ya matso ya kafa ido zai ga ɗan gurji-gurji kamar ɓawon lemo. In zuciyarka ta amince da haka, bismillah. Sannan ka sani in wata rana ka samu hali ka kai ta wurin masu feshi, irin fentinsu yakan tayar da fentin mai da ke ƙasa ya yamutse, sai sun kankare naka ko sun rufe shi da wani abu tukuna, kuma za su caje ka kuɗin wannan.

Abin da ya sa na ce ba yanzu ba. Fentin da ke yiwuwa da rola mai jinkirin bushewa ne, jinkirin nan shi ne amfaninsa don shi ke ba shi damar kwanciya ya baje sawun rola ya ɓace, amma shi ne kuma matsalarsa, saboda awanni zai yi yana danƙo, duk abin da iska ta kwaso sai ya manne. Kai ɗan Gombe ne, ka san yadda Disamba da Janairu suke, ka share tebur da safe kafin azahar ka rubuta sunanka a kai da yatsa, ga yashin garin nan da ba ya raina iska. Ka shafa fenti a wannan yanayi, washegari ka shafa hannu ka ji kamar samfefa. Lissafin kwanaki ma bai ba ka ba, shiri kaɗai ga mai zuwa aiki zai ci makonni biyu zuwa uku, shafi huɗu ko biyar kowanne da kwanansa, sannan fentin ya ɗauki wajen wata guda kafin ya yi ƙwari sosai. In ka matsa ka yi a kwana 12, ranar biki mata za su jingina da leshi da atamfa, zanen kayansu ya fito a jikin mota, fenti kuma ya fito a kayansu, maganar Hamma ta tabbata a gaban jama'a, alhali ba laifin rola ba ne.

Ni a ganina lokacin da ya fi shi ne Oktoba, ruwa ya ɗauke, ƙasa da sauran danshi, ƙura ba ta taso ba. In ba za ka iya jira har can ba, toh ka yi walda da kankara a Janairu da Fabrairu, wannan aikin bai damu da ƙura ba, bushewar ma taimakonsa take, sai ka yi shafin kala a hutun makaranta na wajen Afrilu, amma a ƙarƙashin rumfa, daga bayan asuba zuwa kamar ƙarfe 9, don zafin Gombe na lokacin in rana ta bugi ƙarfe fenti bushewa yake tun a bakin rola. Ka ɗora bayan hannunka a bodi, in da zafi ka ajiye sai gobe. In kuma akwai wanda zai ara maka gareji ko shago mai ƙofa da taga, ka huta da rabin wannan lissafin. Abu ɗaya, kar ka bar mota da fentin ƙasa kaɗai, wato wanda ake fara shafa wa ƙarfe kafin na kala, ta sha damina, ba ya tare ruwa yadda ake zato, tsatsa za ta dawo ta ƙarƙashinsa.

Tsatsar nan ita ta fi damuna a duk saƙonka, fiye da kala. Peugeot ta daina ƙera J5 tun farkon shekarun 1990, ka ga ko autar cikinsu ta haura shekara 30, kuma wadda ka gani a wajen gilas ɗin nan galibi 'yar aike ce, uwar tana ciki. Ka fitar da katifa da katakon gado da ledar ƙasa, ka duba daɓen motar musamman ƙarƙashin wurin wanke hannun nan, ka duba magudanar ruwa da ta zagaye rufi, da bakin tagar sama in tana da ita, da saman tayoyi, da dogarin ƙofar gefe mai ja. Ka ɗauki sukundireba ka riƙa dannawa da ɗan ƙarfi. Inda ya tsaya ƙam, tsatsar sama ce, burushin waya da samfefa mai lamba 80 za su cire ta har ƙarfe ya yi fari. Inda ya nutse ko ya ɓula, wannan ba aikinka ba ne, na mai walda ne, a yanke ruɓaɓɓen a sa sabon falange. Kar ka yarda wani ya ce maka a cusa jarida ko raga a shafe da fila, wato kwaɓin nan na cike lotsawar mota, wata shida za ta kumbura ta faɗo. Wajen gilas kuwa sai an cire gilashin da robarsa kafin a ga gaskiyar abin, ka nemo mai gilas ya cire maka, tsohuwar roba da tsohon gilas ba su son hannun koyo. Ranar walda a cire kan batir, a fitar da tukunyar gas in akwai, da duk wani katako ko soso da ke bayan wurin da za a ƙona, a ajiye bokitin ruwa kusa, kuma mai waldar ya san inda tanki da bututun mai suka bi. In kuɗinka kaɗan ne, wallahi a nan za ka kashe shi, fenti ya jira.

Bayan walda sai wanki, Omo da ruwa da soso, sau biyu, har hodar nan ta daina fitowa a hannu, saboda fenti ba ya kama hoda, ba ya kama maiƙo. Duk abin da ke kwancuwa ka kwance shi, madubi, lamba, fitilu, bamba, hannun ƙofa, wayifa, ka zuba kusoshin kowanne a ledarsa ka rubuta suna. Wanda bai kwancuwa ka rufe da tef ɗin takarda da tsohuwar jarida. Sai gugar tsohon fenti, ba wai ka kankare shi duka ba, inda yake riƙe da kyau ka bar shi, shi ne ma gadon sabon, kawai ka bi shi da samfefar ruwa mai lamba 320 ko 400 kana tsomawa a bokiti har ƙyallinsa ya mutu ko'ina ya zama dishi-dishi. Ka naɗe samfefar a jikin ɗan katako mai laushi ko roba, in ka yi da yatsu zalla sawunsu zai fito. Bakin inda fenti ya ɓare ka goge shi ya kwanta, har in ka rufe ido ka shafa ba za ka ji gaɓa ba. Duk abin da hannunka ya ji yanzu, idonka zai gan shi ninki biyu bayan an shafa mai ƙyalli.

A nan ina roƙonka da babbar murya, tsofaffin fentin mota da yawa akwai dalma a cikinsu, kuma mu a Arewa mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, can daga dutsen zinare ta fito amma gubar ɗaya ce, yara ƙanana ta fi kamawa. Shi ya sa na ce gugar ruwa, don kar ƙura ta tashi. Ka sa takunkumi na kirki, yara da mai ciki su yi nesa, ruwan gugar kar ya gangara inda kaji da awaki ke sha ko inda ake girki, ka shimfiɗa tamfol, kayan aikinka kuma a wanke su daban.

Fila sai a kan farin ƙarfe, siriri, don cike ɗan lotsawa kawai. Ka kwaɓa kaɗan-kaɗan don da ka haɗa da maganinta mintuna kaɗan ta daskare, balle da zafi. Ita fila a bushe ake gugarta, 80 sannan 180, saboda tana shan ruwa, toh a nan takunkumi dole. Duk inda ƙarfe ya fito tsirara ka shafa masa jan fentin nan na maganin tsatsa da masu walda ke shafa wa ƙofofi, a ranar, kar ya kwana. In farar kala za ka yi, ka bi jan da fentin ƙasa fari ko ruwan toka, in ba haka ba jan zai riƙa leƙowa ta ƙasa sai ka yi ta ƙara shafi.

Wurin sayen fenti nan ake rikita mutane. Ka ce musu fentin mai kake so, mai ƙyalli, na ƙarfe, wanda ake yi wa get da tagogi, kuma ka sayi mai kyan da aljihunka zai iya, kar ka bi araha. In suka miƙo maka fentin mota na feshi, musamman mai zuwa da ƙaramin gwangwanin haɗi na sa ƙwari, ka ce a'a, wannan saurin bushewa gare shi, rola ba ta iya masa, kuma tururinsa na illa ga huhu, ba na tsakar gida ba ne. Abin sirkawa kuma farin tafentain, wanda ake rubuta white spirit a jikin kwalbarsa. Ban da tinar masu feshi, tana cinye soso tana kuma iya tayar da fentin ƙasa. Ban da fetur, ban da kananzir. Wannan na kananzir ni ya taɓa ci na, shekarun baya da nake gyara wata tsohuwar Hiace da nake ɗaukar kaya da ita, wani mai shago ya ce min ai duk ɗaya ne, na sirka na shafa ƙofar baya, kwana shida tana danƙo, ƙura da ƙananan ƙwari suka cika ta, sai da na kankare ta tas na sake daga farko, kuma abin ya yi min ciwo don kuɗin da na tara ne da ƙyar. Ga girman J5 galan ɗaya mai lita 4 da wuya ya kai ka, ka shirya wa biyu, ka juye su wuri guda ka gauraya don kala ta zama ɗaya, sannan ka riƙa ɗiba.

Sirki ka fara da kamar kashi ɗaya na tafentain cikin goma na fenti, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya yi kaurin madarar ruwa ta gwangwani, ka juya a hankali kar ka kaɗa ya yi kumfa, ka tace da irin ƙyallen da ake tace kamu. Kafin ka taɓa mota ka gwada a tsohuwar ƙofar firji ko wani falange, ka bar shi ya kwana ka gani. Daga nan ka yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da mota don ƙura ta kwanta, ka goge bodi da tsumma mara gashi da ɗan tafentain, ka bari ya sha iska. Rufi za ka fara, sannan ka sauko, fanel ɗaya ka gama shi kafin ka wuce na gaba, kana tsayawa a inda ƙarfe ya yi gaɓa. Lungu da bakin roba ka fara bi da ƙaramin burushi mai laushi, nan take ka bi da rola tun bai sha iska ba. Rolar ka jiƙa ta sosai sannan ka matse ta a faranti har ta kusa bushewa, ka baza fentin, sai ka dawo ka bi sau ɗaya a hankali ba dannawa, nauyin rolar kawai. Za ka ga 'yan ƙananan kumfa, mafi yawansu da kansu suke fashewa in sirkin ya yi daidai, in sun ƙi fashewa fentin ya yi kauri ko ƙarfen ya yi zafi. Da ka wuce wuri kar ka koma, ko ka ga aibi, ko ƙuda ya faɗa, ka bar shi ya bushe samfefa za ta gyara gobe.

Shafin farko zai ba ka tsoro, na rantse maka. Zai fito shara-shara, tsohuwar kala na leƙowa, dabbare-dabbare, duk wanda ya shigo gidan sai ya ce wani abu. A nan mutane ke karaya su labta mai kauri don su rufe kunya, sai ya zubo kamar hawaye, sama ya bushe ciki ɗanye. Ka daure. Sai a na uku ake fara ganin mota. Tsakanin kowane shafi ka ba shi kwana guda cur, in ka danna farce a wani ɓoyayyen wuri ya shiga toh bai yi ba. Bayan kowane shafi biyu ka bi da samfefar ruwa 600 ko 800 sama-sama, ka wanke, ka bari ta bushe sarai har cikin lunguna. Soso ka sayi kamar goma, kowane shafi da sabo. Kar ka yi da daddare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, duk ƙwarin unguwa za su zo. Tsummokaran da suka sha fenti da tafentain kuma kar a dunƙule su a kwali, a shanya su a fili nesa da murhu. Shafin ƙarshe in ya yi wata guda, in kana so, ka bi shi da samfefa 1500 ko 2000 da ruwa sannan man goge mota, in kuma ƙyallin da ya fito ya ishe ka ka bar shi haka. Kwana a ciki sai wari ya fita gaba ɗaya.

Kala, ni dai in ka tambaye ni ka mayar mata da wadda Baffa ya san ta da ita. Dalili na farko takardu, kalar mota a rubuce take a cikinsu, in ka canza sai ka je ofishin lasin an gyara, in ba haka ba kai da 'yan Road Safety da VIO da 'yan sanda a kowane shinge daga nan har Dindima. Koren soja kuma doka ta hana farar hula, ka nisance shi, haka ma kalar motocin haya. Dalili na biyu, in ba ka canza kala ba cikin ƙofofi da ƙarƙashin bonet ba sai ka bi su ba. In son samu ne rufin ya zama fari ko da jikin wata kala ce, motar da ake kwana a ciki a ƙasarmu farin rufi rahama ne, sannan kala mai haske tana ɓoye sawun rola da lotsawa, baƙi da shuɗi mai duhu kuwa komai sai sun tona.

Toh bikin fa? Na san abin da ke ranka, so kake a ce ko Baffa ba ya nan motarsa ta raka autarsa. Wannan niyya ce mai kyau kuma ba ta buƙatar sabon fenti. In Hamma da Dada sun amince, ka wanke ta sosai, ka sayi man goge fenti mai ɗan ƙarfi ka bi jikinta da tsumma, fentin da ya yi hoda sau da yawa akwai sauran rai a ƙarƙashinsa, za ka yi mamaki. Kwana 12 ɗin ka kashe su wurin bakanike, saboda motar da ta shekara biyu a tsaye tashin inji ba shi ne lafiyarta ba. A duba birki, a canza man birki da baƙin mai, a duba tiyon mai da na ruwa, a duba fitilu. Tayoyi ka karanta lambobi huɗun nan na gefe, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, tayar da ta tsufa ta tsattsage ko da zanenta bai cinye ba kar ka ɗora mata rai. Takardu da inshora a sabunta. Sannan ka ƙirga kujerun gaskiya da ke ciki, iya mutanen da za ka ɗauka ke nan, kar a jera mata a kan gado da durowa, birki ɗaya za su zube gaba. In kujerun ba su da yawa, Dada da goggonni biyu su shiga, bayan a zuba gara da akwatuna, ta bi ayari a hankali cikin gari. In kuma bakanike ya ce ba ta hau titi ba, ka ji maganarsa, a wanke ta a ƙofar gida amarya ta ɗauki hoto a jikinta kafin a fita da ita.

Ranar da Allah ya kai ka fara aikin, ka nemi Hamma ya zo ya ga ƙofar baya, ita za ka fara kammalawa a matsayin gwaji kafin sauran jiki, in ya ga dama ya riƙe maka faranti. Kuma kafin samfefa ta taɓa ko'ina ka zagaya motar da waya ka ɗauki hoton komai. Dattawan da suka riƙe mota irin haka sukan bar alama, wata sitika ta addu'a a gilas, ranar juyen mai da suka rubuta da biro a jikin ginshiƙin ƙofa, wurin da gwiwar hannunsu ta cinye fenti a bakin taga. In ka samu irin wannan ka rufe shi da tef ka zagaye shi da rola, ka kira Dada ta nuna maka in akwai wanda ba ka sani ba. In an yi zaman gadon ka sake rubuto min, ka haɗo da hoton wajen gilas ɗin bayan an cire roba, in gani ko na samfefa ne ko na mai walda.